Na'urori Biyu da Sunan Kakana

Ni mace ce mai saurin mantuwa. Ina manta inda na ajiye makulli, ina manta sunan wanda muka gaisa da shi jiya, ko faɗa aka yi da ni, bayan mako guda sai an tuna mini abin da ya haddasa shi. Amma abin da ya same ni a gidanmu na Zongo, a nan Kwatano, a shekarar da aka raɗa wa na'urori biyu sunan kakana, wannan kam yana nan daram. Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da shi ba.

Gidanmu gidan masu sufuri ne. Kakana ne ya fara da mota ɗaya, kafin ya rasu manyan motoci sun cika layi, irin waɗanda muke kira kamyo, suna ɗauko kaya da dabbobi daga arewa zuwa Kwatano. Da ya rasu sai harkar ta koma hannun 'ya'yansa maza biyu. Baffa Babba yana riƙe da ofishin Zongo, Baffa Ƙarami yana riƙe da garejin Houéyiho inda motocin ke kwana. Mahaifina shi ne na tsakiyarsu, ya rasu ina ƙarama. A samansu duka akwai Goggo, babbar yayarsu, wadda ba ta san ko sitiyari ba amma in ta yi magana kowa sai ya gyara zama.

Akwai wata ɗabi'a a gidan da sai na faɗe ta kafin a fahimci sauran labarin. Komai da sunan marigayi ake yin sa. Sunansa ne a goshin kowace kamyo, sunansa ne a ƙofar ofis, kowane ɗa ko jika da ya haihu sai ya sa wa ɗansa na fari sunan, har ta kai in an kira shi a taron biki maza biyar za su waiwayo. In baffannina suka saɓa, kuma saɓawa ba ta yi musu wuya, Goggo ba ta tsayawa bin diddigin wa ke da gaskiya. Sai ta ce, "Ku dubi marigayi." Shi ke nan an rufe magana. Mun tashi muna ganin wannan hikima ce, kuma sau da yawa hikimar ce.

Baffa Babba ne ya riƙe ni, shi ya sa ni makaranta har na gama karatun kwamfuta. Ba zan ci amanar gaskiya ba, ya yi mini abin da uba ke yi. Ranar da na dawo da takardar shaidata daga makaranta, wato lakkwal, ya zagaya da ni shago-shago a layinmu yana cewa, "Ga ɗiyata, ta gama lakkwal, yanzu mashin ma tsoronta take ji." Ya damƙa mini duk abin da ya shafi na'ura, wadda shi yake kira mashin, a kamfanin. Ba ni da uba, ba ni da ko taya ɗaya a cikin motocin nan. Abin da na mallaka a gidan shi ne an yarda da aikina, in na ce abu kaza ne ana ɗauka kaza ɗin ne. Da shi nake ɗaga kai a tsakar gida.

Aikin da na fi alfahari da shi shi ne rumbun bayanai. Akwai babbar na'ura a wani ɗan ɗaki a ƙasan ofishin Zongo. Duk kayan da aka ɗora wa mota, ko a arewa ko a nan, cikinta ake shigar da shi: na wane ne, wace mota ta ɗauka, wa zai karɓa. Saboda na'ura ba ta da alkawari, sai na kafa wasu biyu na ko-ta-kwana waɗanda ke kwafar duk abin da babbar ta rubuta. Ɗaya na ajiye ta a bene, a ofishin Baffa Babba. Ɗayar na kai ta garejin Houéyiho.

To, a irin wannan tsari na'urar ko-ta-kwana iri biyu ce. Akwai wadda take bin baya a hankali, tana kwafa yadda hanya ta ba ta dama, babu mai jiranta. Akwai kuma wadda nake kira mai shaida. Ita wannan, babbar na'ura ba za ta ce wa ma'aikaci "an ajiye" ba sai ta ji daga bakinta cewa ita ma ta karɓa ta rubuta. Kamar cinikin saniya ne, ba a tashi sai dillali ya ce ya ji. Yadda babbar ke gane mai shaidarta kuwa, da suna ne. Kowace na'ura in ta haɗu da ita sai ta faɗi sunanta, ita kuma babbar akwai layi guda a cikinta inda ake rubuta sunan wanda za ta jira, in sun fi ɗaya a jera su daga na farko zuwa na baya. Ba ta san fuska ba, ba ta san unguwa ba, suna kawai take ji. Babu kuma abin da ke hana na'urori biyu su zo da suna ɗaya. In haka ta faru sai ta riƙe ɗaya daga ciki, kuma ba ka da tabbacin wacce.

Ni ban wahalar da kaina wajen raɗin suna ba. Ta bene na sa mata zongo, ta gareji na sa mata houeyiho. A layin shaida na rubuta houeyiho ita kaɗai. Dalilina ko yaro zai gane shi. Ta bene rufi ɗaya suke da babbar, wayar wuta ɗaya, duk abin da ya ci ɗaya zai ci ɗayar. Amfaninta shi ne in babbar ta lalace da kanta a ɗora aiki nan take. Amma shaida, sai wadda take nesa.

Tsarin yana da farashi, kuma ban ɓoye wa kowa ba. In hanyar sadarwa ta yanke tsakanin Zongo da Houéyiho, aiki tsayawa yake cak, domin babbar tana jiran amsar da ba ta zuwa. Ni a wurina wannan ba aibi ba ne, ƙararrawa ce. Duk lokacin da ta faru, kafin ka ce me an buga waya, an hau zem, wato babur ɗin haya, an ruga gareji, an gyara. Ba ta taɓa wuce ɗan lokaci ba, saboda kowa ya ƙagu.

Wata safiya ta faru a gaban Baffa Babba. Yana tsaye da wani babban ɗan kasuwa daga Tokpa-Hoho, mutumin da Baffa ya daɗe yana zawarcin kayansa, sai allon ma'aikaci ya tsaya yana ta juyi. Aka kira ni. Na duba, na ce rezo ne, wato hanyar sadarwa, ya yanke a Houéyiho, yanzu za a gyara.

"Mi ya haɗa biro nawa da rezon Houéyiho?" in ji Baffa Babba, yana nufin ofishinsa.

Da na san abin da zai biyo baya da na ce masa aljanu ne. Amma ina ji da ilimi a lokacin, sai na gyara tsayuwa na yi masa bayani tiryan-tiryan, a gaban baƙo. Na ce babbar na'ura ba ta ajiye komai sai ta gareji ta amsa. Na ga fuskarsa tana canjawa amma bakina bai tsaya ba.

"Tsaya," ya ce. "Kina nufin ni, a nan, ba na ɗora buhu ɗaya a kamyon ubana sai ƙanena ya ba ni izini?"

"Ba shi ba ne, Baffa, na'urar da ke wurinsa ce."

"Ita mashin ɗin da ke biro nawa fa? Mi take yi? Shan iska?"

Na ce tana kwafa, amma sunanta ba ya cikin layin waɗanda ake jira. Kalmar da ta kashe ni ke nan. Sunansa ba ya ciki, na ƙanensa yana ciki. Duk sauran bayanin ya bi iska.

Kafin la'asar magana ta isa Houéyiho, ta kuma isa da ƙari. Baffa Ƙarami, wanda bai taɓa leƙa ɗakin da na'urar take ba, wanda har tabarmar sallarsa yake jingine a jikinta, nan take ya zama mai kishinta. Ya ce yarinya ta yi karatu, ta auna ta ga inda amana take, shi ba zai yarda a taɓa komai ba. Da ma akwai tsohuwar jiƙaƙƙa a tsakaninsu kan wa ya fi wahala a kamfanin, mai zama a ofis ko mai kwana da makanikai. Na'urata ta zama sabon filin daga.

Aka taru a ɗakin Goggo bayan sallar la'asar ta washegari. Ni ina zaune a bakin ƙofa kamar wadda ta yi sata. Na kawo duk hanyar da na sani. Na ce a sa suna biyun a layi, houeyiho a gaba, zongo a baya, in ta farko ta ɓace ta biyu ta karɓa. Baffa Babba ya ce shi bai taɓa bin bayan ƙanensa ba ko a sahun jana'iza. Na ce to a jira su duka biyun. Ya ce ashe dai har yanzu jiran nasa zai yi. Da aka ce a sa zongo a gaba, Baffa Ƙarami ya miƙe ya ce a zo a kwashe na'urar daga garejinsa, a kwashe har da motocin.

Goggo ta bari suka gaji. Sannan ta juyo gare ni.

"Ke, sunan nan wa ya raɗa shi? Turawa suka aiko da shi?"

"Ni na raɗa, Goggo."

"To ai da sauƙi. Ki goge. Ki sa musu sunan marigayi, su biyun. Babu na gaba, babu na baya. Duk wadda ta amsa, ubanmu ne ya amsa."

Wallahi sai da ɗakin ya yi sanyi. Baffa Babba ya ce ma sha Allah. Baffa Ƙarami ya share ido da hannun riga. Ni kuwa na matso gabansu. Na durƙusa na ce, "Goggo, ku yi mini haƙuri, ku saurare ni. In suna ɗaya ne, babbar ba za ta bambance su ba. In ta gareji ta yanke, ta bene za ta ci gaba da amsawa da sunan, aiki ba zai tsaya ba, ta gareji kuma ta yi ta zama a baya. Ranar da wani abu ya sami ginin nan, duk abin da ba ta kwafa ba ya tafi."

Na faɗa da Hausa, na maimaita da Faransanci saboda Baffa Ƙarami, wanda ya fi gane maganar na'ura da shi. Su uku suka ji ni, da kunnuwansu shida.

Baffa Babba ya ce, "Aiki ba zai tsaya ba? Ai abin da muke nema ke nan." Goggo kuma ta ce in daina yi wa gidan ubansu mugun baki. Baffa Ƙarami shi dai ya sami abin da yake so, ba a sa shi a baya ba.

Washegari Baffa Babba ya tsaya a kaina, hannunsa a bayan kujerata, na canja sunayen. Mutane sukan tambaye ni don me ban ƙi ba. Masu wannan tambaya ba su taɓa cin tuwon wani tun suna shekara shida ba. Na faɗi gaskiya a gaban masu gida, masu gida suka yanke hukunci a kan kayansu. Har gobe ban ɗauki wannan laifina ba.

Watanni suka wuce lafiya lau. Aiki bai ƙara tsayawa ba ko sau ɗaya, Baffa Babba har tsokanata yake yi in ya wuce. "Malama, ina tashin duniyar da kika ce?" Nakan yi murmushi in ce Allah ya sa kar ta zo.

Ana saura kwanaki Babbar Sallah, masu aikin hanya suka tsinke wayar sadarwar gareji. Da a tsohon tsari ne, da kafin azahar an ɗaure ta, domin da babu mai iya shigar da ko akuya. Yanzu kuwa babu abin da ya tsaya, saboda haka babu wanda ya ƙagu. Ni na gani a allona cewa ɗaya daga cikin masu sunan kakana ta ɓace. Na hau zem na tafi Houéyiho, na sami Baffa Ƙarami a ƙarƙashin mota. Ya ce in bari sai bayan Sallah, yanzu kansa ya yi zafi. Na dawo wurin Baffa Babba na roƙe shi ya ba da izini a ɗauko masu gyara, ko a sayi wata hanyar ta wucin gadi. Ya ce gareji ba huruminsa ba ne, in je in gaya wa mai garejin. Haka na yi ta safa da marwa tsakanin unguwa biyu, kullum ta gareji tana ƙara nisa a baya.

Lokacin kuwa shi ne lokacin da ya fi kowane nauyi a shekara. Raguna ake ɗorowa daga arewa, mota bayan mota. Yadda muke yi, kowane rago ana rataya masa lamba a wuya. Mai karɓa a Kwatano ana aiko masa da tasa lambar ta rasit. Abin da ke haɗa lambar wuya da lambar rasit yana cikin na'ura. Yawancin masu karɓar ba su taɓa ganin ragunan da ido ba, 'yan'uwa ko abokan ciniki ne suka saya musu can.

Ranar Juma'a ce. An ɗauke wuta tun safe, janareta na aiki a ƙarƙashin matakalar bene, kusa da shi kuma an jera jarkokin man fetur ɗin nan na bakin titi da ake kira kpayo. Maza duk sun tafi masallaci. Ina cikin gida ina cin abinci na ji ihu daga layi. Na fito ko takalmi babu. Kafin in isa, hayaƙi ya turnuƙe, harshen wuta yana fita ta tagar ɗan ɗakin da babbar na'ura take, yana lasar katakon benen. Masallata suka fito da gudu da manyan riguna, ana ta miƙa bokiti. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Amma da aka kashe wutar, benen ya rufto kan ɗakin ƙasa, na'urori biyun suna kwance wuri ɗaya, sun narke sun haɗe.

Ban tsaya kuka ba. Na wuce Houéyiho da ƙafafuna baƙi ƙirin. Na zauna gaban wadda ta rage, na buɗe ta, ina addu'a duk da na san abin da zan gani. Komai yana nan tsaf, har zuwa ranar da aka tsinke waya. Daga nan babu komai. Duk ragunan da ke kan hanya a lokacin, ita ba ta taɓa jin labarinsu ba.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Motoci suka fara isowa, aka sauke raguna, mutane suka yi cincirindo kowa da lambarsa a waya, ba wanda zai ce ga naka. Muka yi ta buga waya arewa, wani ya turo hoto, wani ya ce nawa mai baƙin kunne ne, sai ka duba ka ga masu baƙin kunne sun fi a ƙirga. An warware wasu, wasu ba su warwaru ba. Na ga dattawa biyu da suka shekara suna sallah sahu ɗaya suna jan igiyar rago guda, kowa na rantsuwa. Akwai wata tsohuwa da ɗanta ya aiko mata da ragon layya karo na farko a rayuwarsa. Ta zauna a gefe tun hantsi da wayarta a hannu, duk wanda ya wuce sai ta nuna masa lambar. Da yamma ta tashi ta tafi babu rago. Fuskarta na nan a idona.

Bayan Sallah shugabannin 'yan tumaki suka zo gida neman bayani. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka kira ni. Babbansu, wani dogon dattijo mai sanyin murya, ya ce su sun san gobara daga Allah take. Abin da suke tambaya shi ne, an ce musu akwai wata na'ura a Houéyiho da aka ajiye don irin wannan rana, ina amfaninta?

Baffa Babba ya yi gyaran murya. Bai kalle ni ba.

"Alhaji, laifinmu ne. Mun ɗauki aikin manya mun ba yarinya. Ta yi iya ƙoƙarinta, amma abin ya fi ƙarfinta. Ku yafe mata."

Ku yafe mata. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na juya na dubi Baffa Ƙarami, mutumin da na maimaita wa magana da Faransanci, mutumin da na tarar a ƙarƙashin mota. Yana ta nazarin yatsun ƙafarsa. Na dubi Goggo, tana jan carbi. Na buɗe baki na ce, "Baffa, amma ai ranar da muka zauna a ɗakin..." Goggo ta katse ni ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ke, manya na magana." Dattijon ya dube ni da tausayi ya ce ba komai ɗiyata, kowa da ranar koyonsa. Tausayin nan ya fi zagi ciwo.

Da baƙi suka tafi Goggo ta kira ni ɗakinta, ɗakin da aka yi raɗin sunan. Ta ba ni fura na ƙi sha. Ta ce ta san abin da ke raina. Ta ce in aka ce laifin Babba ne da ya ƙi jira, Ƙarami zai samu abin gori har abada. In aka ce na Ƙarami ne da ya ƙi gyara waya, Babba zai raba motocin gobe. In kuwa aka ce nata ne, to babu sauran mai raba su faɗa.

"Ke yarinya ce, ana manta na yaro. Ki ɗauka, ki dubi marigayi."

Na ce, "Goggo, marigayin nan ni ma kakana ne."

Ta ce shi ya sa.

Ba a manta ba. Zongo ba ta mantuwa da irin wannan. Na zama wadda ta ɓatar da ragunan Sallah. In na wuce majalisa sai a yi shiru, in na ba da baya a ci gaba. Matan layi da suke turo mini 'ya'yansu in duba musu waya suka daina. Wata ma har cewa ta yi a gidan suna, ina zaune, wai abin da ake samu ke nan in aka kai mace lakkwal ta wuce iyaka. Baffannina kuwa ba su taɓa shiri irin na wannan shekarar ba. Tare suka sake gina ofis, tare suke zuwa masallaci. A kaina suka sulhunta.

Ba korata aka yi ba, kuma da an kore ni da ya fi mini. Ajiye ni aka yi a gefe ana gaishe ni. Aka ɗauko wani ƙwararre daga cikin gari, mai ɗaure da taye, ya sake kafa komai. Ma'aikacin ofis ne ya gaya mini yadda ya yi. Na'urar nesa ita kaɗai ce mai shaida, kowacce da sunanta daban, in hanya ta yanke aiki ya tsaya. Sak abin da na yi. Bambancin kawai, sunayen da ya sa wasu haruffa ne da ba wanda ya san ma'anarsu, kuma da Baffa Babba ya tambaye shi dalili sai ya ce haka ƙa'ida take. Baffa ya ce to madalla. A makon na tattara kayana na bar aikin.

Yanzu shekaru sun wuce. Ina aiki a wani wuri cikin gari, rumbun bayanai nake kula da shi, ya fi na gidanmu girma nesa ba kusa ba. Ina zuwa Zongo gaisuwa, ina durƙusawa, ina cin abincinsu. Goggo ta rasu, na yi mata kuka na gaskiya. A zaman makokinta ne Baffa Ƙarami ya same ni ni kaɗai a bayan gida ina wanke kofuna. Ya tsufa, gemunsa ya yi fari fat. Ya daɗe a tsaye yana kame-kame, sannan ya duba hagu da dama ya rage murya.

"Ɗiyata, ni fa na ji ki ranar nan. Kin faɗa. Duk abin da ya faru kin faɗe shi."

Na daɗe ina jiran wannan magana. Na sha zaton ranar da na ji ta zan yi kuka, ko in ji wani nauyi ya sauka. Ban ji komai ba. Na ɗauraye kofin da ke hannuna na kife shi.

Na ce, "Baffa, ga mutane can cike da tsakar gida. Har da 'yan tumaki."

Ya dubi ƙofar, ya dube ni. Ya ce ai abin ya wuce, tone-tone ba shi da amfani. Ya saɓa rigarsa ya koma cikin maza.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koye shi. Shaidar da take ƙarƙashin rufi ɗaya da wanda take yi wa shaida ba shaida ba ce, ko na'ura ce ko mutum, domin abin da ya ci shi zai ci ta. Amsar da ta zo bayan an tashi daga taro kuma ba ta ceci kowa ba. Yau in zan kafa tsari, kowace na'ura da sunanta, kuma sai an rubuta ƙarara wa ake jira, ko ran wa zai ɓaci. Na ga abin da ke faruwa in aka lulluɓe kowa da suna ɗaya don a zauna lafiya. Ranar da abu ya lalace ba a samun wanda zai ce ni ne, sai a duba a ga wa ba shi da uba a wurin, a kira nasa sunan.